Fatsar Kirafi A Tafkin Kentucky: Abin Da Mai Fitar Farko Ya Kamata Ya Sani

Duk shekara, daga tsakiyar watan Maris zuwa farkon Mayu, garuruwan da ke gaɓar Tafkin Kentucky a ƙasar Amurka kan cika da baƙi. Motoci na shigowa jaye da ƙananan jiragen ruwa, masaukai na cika, masu shagunan kayan fatsa kuma na buɗe ƙofa tun kafin gari ya waye. Duk wannan hidima ana yin ta ne saboda wani kifi da da ƙyar yake wuce tsawon tafin hannu biyu, wanda Amurkawa ke kira crappie, mu kuma a nan za mu kira shi kirafi. Ba a kasa shi a kasuwa, domin dokokin jihohin yankin sun hana sayar da wanda aka kamo daga tafki. Duk mai son ɗanɗana shi sai dai ya je ya kama da hannunsa, ko kuma wanda ya kama ya ba shi kyauta.

Wanda harkar kasuwanci, kwas ko ziyarar ɗa mai karatu ta kai shi wannan yanki a watan Afrilu, da wuya ya dawo ba tare da wani ya gayyace shi fita tafki ba. Jami'ar Murray, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe da dama, tana kusa da ruwan, birnin Nashville kuwa tafiyar kimanin awa biyu ce a mota. Gayyatar tana da daɗin ji, amma tana cin kuɗi da kwanakin hutu: lasisi, masauki, mai, hayar jirgi ko ladan ɗan jagora. Abin takaicin shi ne, masu fitar farko da yawa kan kashe duk wannan su koma gida hannu rabbana, alhali kifin na nan jibge a cikin ruwan. Ba su san inda za su neme shi ba, kuma ba su san cewa mako guda kacal na iya sauya wurin zamansa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan harka rabin kamun a gida ake yin sa.

Wane irin kifi ne?

Kirafi iri biyu ne, fari da baƙi. Dukkansu faffaɗa ne ta gefe, kamar karfasa, da ƙaramin kai da manyan idanu. Farin yana da ratsi-ratsi a tsaye a jikinsa da ƙayoyi biyar ko shida a gadon baya, baƙin kuwa ɗigo-ɗigo ne ko'ina, ƙayoyinsa bakwai ko takwas. Ƙidaya ƙayar ita ce hanya mafi tabbas ta bambance su, domin a lokacin zuba ƙwai namijin farin ma yakan yi duhu har ya ruɗi mai kallo. Farin ya fi jure ruwa mai laka, baƙin ya fi son ruwa garau da gaɓa mai tsakuwa.

Ba babban kifi ba ne. Wanda ya kai rabin kilo ana murna da shi, wanda ya kai kilo ɗaya kuwa hoto ake ɗauka. Farin kirafi mafi nauyi da aka taɓa rubutawa an kama shi ne a 1957 a madatsar ruwa ta Enid da ke Jihar Mississippi, nauyinsa kimanin kilo 2.35, kuma har yau ba a kamo wanda ya fi shi ba. Na baƙin an kama shi a 2018 a wani kududdufi a Jihar Tennessee, ya kusa kilo 2.5. Darajarsa tana cikin namansa ne, fari tas, mai laushi, marar ƙarni. A Louisiana, inda Faransanci ya bar tasiri, suna kiransa da wani suna da a kunnen mai jin harshen ke nufin jakar madara. Wasu kuma suna masa laƙabi da mai bakin takarda, saboda fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, kuma za mu ga yadda wannan ke shafar mai fatsa.

Hali biyu na kifin sun fi kowane muhimmanci. Na farko, yana tafiya ne garke-garke, don haka inda aka kama ɗaya akwai 'yan'uwansa. Na biyu, ba ya son fili fetal: kullum yana raɓe da wani abu, ko kututturen itace, ko reshen da ya nutse, ko ginshiƙin gada, ko bakin wani rami a ƙarƙashin ruwa.

Girman ruwan shi ne matsalar farko

Tafkin Kentucky ba halittacce ba ne. Hukumar raya kwarin Kogin Tennessee, wadda aka fi sani da TVA, aka kuma kafa a 1933 zamanin Shugaba Roosevelt, ita ta datse kogin a kusa da garin Gilbertsville. An fara aikin a 1938, aka kammala a 1944. Ruwan da ya taru ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 650, tsawonsa ya kusa kilomita 300, ya ratsa jihohin Kentucky da Tennessee, gaɓarsa kuma in an bi duk lungunanta ta haura kilomita 3,000. A gabas da Kogin Mississippi babu tafkin da ɗan'adam ya gina da ya kai shi faɗi. A gefensa na gabas akwai ɗan'uwansa, Tafkin Barkley, wanda aka samar a 1966 a kan Kogin Cumberland, wata mashiga da aka haƙa ta haɗa su, tsakaninsu kuma akwai wani dogon daji na gwamnatin tarayya da aka keɓe don shaƙatawa.

Wanda ya tsaya a gaɓa ya dubi wannan ruwa zai ga ko'ina iri ɗaya ne. A ƙarƙashi ba haka abin yake ba. Kafin a datse kogin, wurin gonaki ne da dazuzzuka da hanyoyi, har da garuruwa, irin su Birmingham ta Kentucky da ruwa ya shanye. Tsohon kwarin kogin yana nan, haka ma kwarin kowace ƙorama da ke zuba a cikinsa. Waɗannan tsofaffin kwaruruka su ne titunan kifi: ta cikinsu yake bi daga zurfi zuwa gaɓa, ta cikinsu yake komawa. Saboda haka abu na farko da mai shiri zai mallaka shi ne taswirar da ke nuna zurfin ruwa, ta takarda ko ta waya, ya zauna da ita tun yana gida.

Shawara mafi amfani a nan ita ce mutum ya manta da tafkin gaba ɗayansa, ya zaɓi reshe ɗaya ya ɗauke shi tamkar shi ne tafkin. Rassan da suka yi suna wajen kirafi sun haɗa da Jonathan Creek da Blood River a ɓangaren Kentucky, da Big Sandy a ɓangaren Tennessee, kusa da garin Paris. Kowannensu ya ishi mutum aikin mako guda. Sabon shiga da ya ce zai leƙa duka ukun cikin kwana biyu, man jirgi kawai zai ƙona. Sai a nemi masauki kusa da reshen da aka zaɓa, a kuma kama ɗaki tun watanni kafin lokacin, domin Afrilu ita ce kakar masu masaukai a can.

Ma'aunin zafin ruwa ya fi kalanda

Tambayar da kowane baƙo ke fara yi ita ce, wane mako zan zo? Kifin bai san kalanda ba, zafin ruwa ya sani. Lokacin da ake magana a kansa shi ne fitowa daga hunturu, wanda masu fassara suka saba kira bazara, ko da yake bai haɗa komai da bazararmu mai ƙuna ba: safiya da sanyi mai ratsa ƙashi, rana da ɗumi-ɗumi, itatuwa na sabon toho.

A cikin hunturu kirafi na kwance a zurfi, a bakin tsofaffin kwaruruka, ƙafa 20 ko fiye. Da zarar ruwa ya kai kimanin digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, sai garken ya fara motsawa zuwa bakin rassa, yana tsayawa zango-zango a kan kututture da tarin itace. Wannan shi ne lokacin da ya fi cin abinci, domin yana tara ƙarfi. Idan ruwan ya shiga tsakanin digiri 14 da 18, sai mazan su riga matan isa gaɓa. Namiji kan share wuri da jelarsa a ƙasa mai ɗan tauri, kusa da wani abin raɓawa, sau da yawa a ruwan da bai wuce ƙugun mutum ba. Mace ta zo ta zuba ƙwai ta koma baya, shi kuma ya zauna gadi har su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki. Wanda ya san yadda namijin karfasa ke gyara gurbi a bakin ruwa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Namijin da ke gadi yakan kai wa duk abin da ya matso cafka, ko yana jin yunwa ko ba ya ji, shi ya sa a waɗannan kwanaki har yaro da sanda a gaɓa yana kamawa.

Amurkawa da ma'aunin Faranhait suke aiki, don haka baƙo ya riƙe lamba ɗaya a kansa: 60. Ita ce daidai da kusan digiri 16 namu. In ya ji masu shago na cewa ruwa ya kai 60, to kifi ya iso gaɓa ko yana dab da isowa. In ya ji 50, ya nemi zurfi. A Tafkin Kentucky wannan yakan faɗo ne cikin Afrilu a yawancin shekaru, amma shekarar da sanyi ya daɗe yana iya jinkirtawa, shekarar ɗumi kuma ya zo da wuri. Tsofaffin yankin suna da tasu alamar, wata itaciya mai farin fure da suke kira dogwood. In ta yi fure, a cewarsu, kirafi ya hau gaɓa. Alamar ba ta rasa tushe ba, tunda ɗumin da ke buɗe furen shi ne ke ɗumama ruwan. A faɗin ƙasar ma haka abin ke tafiya daga kudu zuwa arewa: Florida tun Fabrairu, Minnesota sai ƙarshen Mayu ko Yuni.

Ruwan tafki ɗaya ba ya ɗumama lokaci guda, kuma nan ne mai lura ke cin riba. Ƙarshen reshe, inda ruwa bai da zurfi kuma yana da ɗan laka, yana riga tsakiyar tafki ɗumi. Gaɓar arewa ta kowane lungu tana riga ta kudu, saboda a can rana ta kudu take karkata, haskenta ya fi daɗewa a kan gaɓar arewa, tudun da ke bayanta kuma yana tare iskar sanyi. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ya isa ya tara kifi a gefe ɗaya ya bar ɗayan fayau. Haka nan baƙin kirafi yana riga farin hawa gaɓa, sau da yawa tun mutane na can tsakiyar ruwa suna jiran lokaci, kuma ya fi yawa a gaɓoɓi masu duwatsu da tsakuwa irin na gefen gabas.

Akwai kuma wani abu da ya saɓa wa abin da muka saba ji, cewa kifi na mai sammako ne. A farkon kaka, ranar da rana ta fito sosai, ruwan gaɓa ya fi ɗumi daga azahar zuwa la'asar, kuma a lokacin kifin ya fi matsowa. Wanda ya fita da asuba cikin sanyi ya gaji ya koma masauki da tsakar rana, ya bar kasuwa tana shirin ci.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafi. Na farko shi ne iskar sanyi da kan sauko daga arewa bayan hadari. Washegari sama takan yi garau, iska ta yi sanyi, ruwan gaɓa ya sauka da digiri biyu ko uku, kifin da aka bari jiya a gindin itace ya ɓace. Bai yi nisa ba. Yakan ja baya ne zuwa gangare na farko mafi kusa, ƙafa 8 zuwa 15, ya manne da itace, ya rage ci. Mai haƙuri zai bi shi can ya sauke ƙugiya a hankali dab da bakinsa. Na biyu shi ne hawa da saukar ruwan kansa. TVA kan riƙe tafkin a ƙafa 354 sama da teku lokacin hunturu don ya sami wurin karɓar ambaliya, daga 1 ga Afrilu ta fara cika shi, da nufin ya kai ƙafa 359 zuwa 1 ga Mayu. Ƙafa biyar ɗin nan, wato kimanin mita ɗaya da rabi, su ke shigar da ruwa cikin ƙananan itatuwan gaɓa inda kifin ke son yin gurbi. Ruwa mai hawa a hankali alheri ne. Amma in an yi ruwan sama mai yawa tafkin ya cika fiye da ƙima, aka buɗe ƙofofin madatsa ya fara sauka da sauri, kifin kan tsorata ya bar gaɓa. Hukumar tana wallafa matsayin ruwan kullum a intanet, kuma duba shi kowace safiya bai fi aikin minti ɗaya ba.

Saboda waɗannan dalilai, tafiyar kwana ɗaya caca ce. Wanda zai iya, ya ware kwana uku aƙalla, a tsakiyar mako in da hali, don ko iska ta cinye ɗaya, biyu su rage.

Kayan aiki

A nan ba sai an tsawaita ba, domin kirafi ba ya buƙatar kaya masu tsada, ko da yake shagunan za su so mutum ya zaci haka. Sanda marar nauyi mai ɗan injin naɗe zare, da siririn zare mai ɗaukar kilo biyu zuwa uku, sun wadatar. Wanda zai nemi kifi a cikin itatuwan gaɓa zai ji daɗin doguwar sanda mai ƙafa 10 zuwa 12, wadda ake miƙawa a sauke ƙugiya a tsaye cikin 'yar kafa tsakanin rassa ba tare da jifa ba.

Abin da ake sa wa ƙugiya iri biyu ne. Akwai ƙananan kifaye masu rai, kamar tsawon ɗan yatsa, da ake saye a shago a zuba a bokiti mai na'urar ba da iska. Ana rataye su ƙarƙashin 'yar totuwar roba da ke shawagi a saman ruwa, irin aikin da totuwar kara ke yi a fatsar yara. Akwai kuma ƙugiya mai kan darma, nauyinta kimanin giram biyu, da ake yi wa ado da gashin tsuntsu ko 'yar roba mai laushi don ta yi kama da ɗan kifi. Masu fatsa na iya kwana suna gardama a kan launi. Abin da aka fi yarda da shi shi ne launi mai ɗaukar ido, kamar kore mai ruwan ɗorawa, a ruwa mai laka, da launi mai sanyi a ruwa garau. A ganina sabon shiga ya fara da kifi mai rai, domin shi ke yi wa kansa talla.

Zurfin da aka ajiye ƙugiya ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Idanun kirafi sama suke kallo, kuma daga ƙasa yake tasowa ya ɗauki abinci. Ƙugiyar da ke ƙafa ɗaya sama da shi zai gan ta, wadda ke ƙafa ɗaya ƙasa da shi kuwa kamar babu ita. Wannan hali ne ya sa cizonsa ke ruɗar baƙo: maimakon totuwar ta nutse, wani lokaci kwanciya take yi a kan ruwa, ko zaren ya saki, saboda kifin ya ɗauki ƙugiyar ya yi sama da ita. Duk wani sauyi a zare, a ɗauke shi a matsayin kifi. Kuma kada a fizga. Bakin takarda ne, fizga ɗaya ta isa ta yaga shi. Ɗaga sanda ake yi a hankali, in babba ne a tare shi da 'yar koma mai mariƙi kafin ya bar ruwa.

Baƙo zai ga jirage da sanduna shida ko takwas a jere a goshi kamar ƙafafun gizo-gizo, suna tafiya a hankali a kan kwari. Dabara ce mai kamawa, amma ta ƙwararru ce, kuma wasu jihohi sun ƙayyade yawan sandunan da mutum zai yi aiki da su. Zai kuma ga mutane sun duƙufa a kan allo kamar masu kallon talabijin. Tun da kamfanin Garmin ya fito da na'urarsa ta LiveScope a 2018, mai fatsa na iya ganin kifi yana motsi a ƙarƙashin ruwa, ya zaɓi babba ya kai masa ƙugiya har baki. Na'urar ta jawo muhawara mai zafi, kuma a 2024 Jihar Mississippi ta rage yawan kirafin da mutum zai ɗauka a rana daga 15 zuwa 10 a manyan tafkunanta irin su Grenada da Enid da Sardis. Mai fitar farko ba ya buƙatarta. Hukumomin kula da kifaye na jihohin biyu sun daɗe suna nutsar da tarin itace da kafa turaku a cikin tafkin don kifi ya sami mafaka, ta Kentucky kuma tana wallafa taswirar wuraren a shafinta kyauta. Wannan taswira da ma'aunin zafin ruwa sun ishi mutum farawa.

Da jagora ko babu jagora?

Ɗan jagora na cin ɗaruruwan daloli a yini, kuma mai lissafin kuɗi zai yi jim. Sai dai in aka auna da kuɗin kwana uku na yawo a ruwan da ba a sani ba, sauƙi ne. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne a ɗauke shi ranar farko, a kuma ɗauki ranar a matsayin makaranta: a tambaye shi zurfin da kifi yake, dalilin zaɓen wannan gaɓa, abin da zai yi in iska ta juya. Matambayi ba ya ɓata. Abu ɗaya da ladabin wurin ya hana shi ne mutum ya adana wuraren jagoran a wayarsa ya dawo washegari ya zauna a kai, musamman tarin itacen da shi ya wahala ya nutsar. Kafin a biya kuɗin ajiya, a tambayi lasisinsa, awa nawa za a yi, da abin da zai faru da kuɗin in iska ta hana fita.

Wanda ba shi da jirgi kuma ba ya son haya, bai rasa komai ba in ya zo a kan gaɓa. Lokacin zuba ƙwai shi ne lokacin da kifin ya fi zuwa inda mai tsayuwa a tudu zai same shi. Wuraren shaƙatawa na jiha, irin su Kenlake da Paris Landing, suna da gaɓa da matsayar jirage, duwatsun da aka jera a gindin gadoji kuma suna riƙe ɗumin rana suna jawo kifi.

Doka ba ta san baƙo ba

Lasisin fatsa na jiha ne, ba na tarayya ba, kuma baƙo daga wata jiha ko wata ƙasa yana biyan fiye da ɗan gida. Kentucky na sayar da na kwana ɗaya da na mako guda ga baƙi, a intanet ko a shaguna. Shekarar lasisinta daga 1 ga Maris take farawa, don haka na bara ba ya aiki a Afrilu. Tunda tafkin ya ratsa jihohi biyu, sun yi yarjejeniya cewa lasisin kowace ɗaya yana aiki a tsakanin gadar Eggners Ferry a Kentucky da gadar Ned McWherter a Tennessee. Ɗan littafin dokoki na shekara, wanda ake bayarwa kyauta, ya fayyace iyakokin da wuraren da aka cire, kuma karanta shi wajibi ne.

A ɓangaren Kentucky na tafkin, ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kirafi 20 ga mutum ɗaya a rana, kowanne kuma ya kai inci 10, wato kimanin santimita 25. Wanda bai kai ba, a mayar da shi ruwa nan take. Ba a yarda a cire kai ko jelar kifin ba sai an bar ruwa, don jami'i ya iya aunawa. Jami'an kuwa suna zagayawa da jirgi, suna da ikon duba lasisi da ƙirga abin da ke cikin kula, kuma tarar da suke yankawa ta ninka kuɗin lasisin sau da yawa. Ga mai biza, shiga littafin kotu saboda kifi ɗaya da ya gaza da rabin inci ba ƙaramar asara ba ce.

Ma'aikacin gwamnati zai so ya san inda kuɗin ke zuwa. Kuɗin lasisi na tafiya ne ga hukumar kula da kifaye ta jiha, kuma tun 1950 wata dokar tarayya da ake kira Dingell-Johnson ta ɗora haraji a kan kayan fatsa, ana raba abin da aka tara ga jihohi don binciken kifi, gyaran mazauninsa da gina wuraren sauke jirage. Wato mai sayen ƙugiya shi ke biyan albashin wanda ke ƙirga kifin.

Ruwan na iya kisa

Tafkin a miƙe yake daga kudu zuwa arewa, don haka iskar da ta biyo tsawonsa tana samun filin tara igiyar ruwa mai iya kifar da ƙaramin jirgi. Safiya na iya farawa lumui, kafin azahar tsakiyar tafkin ya zama abin tsoro. Wannan wani dalili ne na sauke jirgi a cikin reshen da za a yi fatsa, don kada a tsallaka babban ruwa. Afrilu da Mayu kuma lokacin tsawa ne da guguwa mai juyawa a wannan yanki. Da an ji rugugi, a ajiye sanduna a nufi tudu, domin doguwar sanda a tsakiyar ruwa kiran aradu ce.

Ruwan da ya kai digiri 14 kifi na jin daɗinsa, amma mutumin da ya faɗa ciki numfashinsa kan sarƙe nan take, hannuwansa su mutu cikin mintuna, ko da gwanin iyo ne. Doka ta wajabta a ajiye rigar kariya daga nutsewa ga kowane mutum a jirgi. Hankali ya ce a sa ta a jiki. Tsakiyar tafkin hanya ce ta manyan jiragen dakon kaya da ake turawa a jere, waɗanda ba sa iya tsayawa ko kaucewa da sauri, kuma alamomi ja da kore da ke shawagi su ke nuna hanyarsu. A wajen wannan hanya kuwa, musamman kafin ruwa ya cika, akwai kututture da tudun yashi dab da saman ruwa.

Sabon haɗari shi ne wani kifi ɗan asalin Asiya, farin kaf, da aka shigo da shi gonakin kifi na kudancin Amurka a shekarun 1970, ya tsere zuwa Kogin Mississippi, ya bi ƙofofin jirage ya shigo tafkunan biyu. Ƙarar inji na sa shi tsalle sama da ruwa, kuma mai kilo goma in ya faɗo wa mutum a jirgi mai gudu yana iya karya masa ƙashi. A 2019 an kafa wani shinge na sauti da kumfa da haske a ƙofar jirage ta Barkley don rage shigowarsa. 'Ya'yansa sun yi kama da ƙananan kifayen da ake sa wa ƙugiya, shi ya sa ake gargaɗin kada a ɗebi ƙananan kifaye daga wani ruwa a kai wani, ragowar na bokiti kuma a zubar da su a tudu.

Kifin da aka kama, a sa shi cikin ƙanƙara tun yana da rai, domin namansa mai laushi ne, ba ya jure ɗumi. Yawancin masaukan gaɓar suna da teburin gyaran kifi da famfo. Mutanen yankin sukan yanke tsokar gefe biyu su bar ƙaya, su barbaɗa gishiri da barkono, su juya ta cikin garin masara, su soya a mai mai zafi minti uku ko huɗu har ta yi ja. Wanda zai ajiye na gobe ya tuna cewa a Kentucky abin da doka ta yarda mutum ya riƙe na kifin da ba a gyara ba bai wuce kamun kwana biyu ba.